Shekarar Da Na Gasa Alhaji

Na sha jin ku, musamman kai Nura da bakinka ba ya riƙe magana, kuna gaya wa abokanku wai ciwon ido ne ya sa babanku ya bar tuƙa jif ya koma akori-kura. Ummanku ce ta ƙago wannan zancen don ta rufa mini asiri, Allah ya saka mata da alheri, amma idona garau yake, har gobe daga bakin zaure ina gane wanda ya tsame nama a miya. Wasu kuma a majalisar Panshekara cewa suke asiri na yi wa maigidana aka kama ni. Shi ma wannan ƙarya ne. Abin da ya faru ya fi duka biyun ban kunya, kuma gara ku ji shi daga wurina tun da sauran haƙora a bakina.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa Alhaji Mamuda, mai kamfanin robobi a Sharada. Butar da kuka tashi kuna alwala da ita, da shuɗin bokitin nan da ya ƙi mutuwa, duk daga wurinsa suka fito. Alhaji mutum ne mai kyauta, mai saurin fushi, mai kuma jiki, idan ya zauna a mota sai ka ji ta yi ajiyar zuciya. Duk shekarun nan tsohuwar motarsa muke hawa, irin wadda in ta yi tari sai ka buɗe gabanta ka hure fulogi, ka doki kan batir da sifana, ta tashi tana ba ka haƙuri. Na san ta kamar yunwar cikina. To, a shekarar da wayar salula ta yi yawa har masu shayi suka fara rataya ta a wuya, sai abokan Alhaji na Bompai suka soma sayen jif ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya daure wata biyu, a na uku ya aika Kwatano. A tsakiyar sanyi ta iso, baƙa wuluk, tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Ma'aikata suka bar injina suna aman buta su kaɗai, suka fito kallo. Malam Ilu mai gadi, wani dattijo mutumin wajen Maraɗi da ya shekara goma sha huɗu a bakin ƙofar kamfanin, ya buɗe mata ƙofa har ƙarshe kamar tirela ce za ta shigo, ya raɗa mata suna Amarya, tun daga ranar kuma ya ɗora wa kansa wanke ta kowace safiya ba wanda ya sa shi. Isa bakanike ne kaɗai bai yi murna ba. Ya zagaya ta sau uku, ya kwanta ya leƙa ƙasanta, ya tashi yana kaɗe wando.

"Alhaji, wannan fa ba jif ba ce. Ƙaramar mota ce aka sa mata takalmi mai tsini."

"Kai dai baƙin ciki, Isa," in ji Alhaji. "Ka ga wadda ba za ta riƙa kwana a garejinka ba."

Ranar farko Alhaji ya buɗe baya, inda ya saba zama, ya ga gilashin baƙi ne, wanda ke waje ba ya ganin na ciki. Ya rufe, ya ce shi bai aika har Kwatano don a riƙa tambayar wa ya wuce ba, gaba zai zauna. Gaban motar nan kuwa maɓallai ne kamar na jirgin sama. Littafin da ya zo da ita ba da Turancin da muka sani aka rubuta shi ba, akawun kamfani ya juya shi sama ya juya shi ƙasa ya miƙo mini abina. Ni kuma a lokacin ina da wata cuta da direbobi da yawa ke fama da ita: ban iya cewa ban sani ba. Duk maɓallin da Alhaji ya nuna, kafin ya sauke yatsa na ba shi amsa. Har ya zo kan wasu guda biyu a tsakanin kujerata da tasa, kowanne da hoton kujera da wasu layuka uku masu lanƙwasa suna tashi daga kanta.

"Garba, wannan fa?"

"Allah ya taimake ku, ai na turare ne. Ba ku ga hayaƙi yana tashi daga kujera ba? Turawa ma sun gano daɗin turaren wuta."

"Ikon Allah! Danna mini nawa."

Na danna, wata 'yar jar fitila ta kama a jikinsa. Muka yi shiru muna shaƙar iska, ni da Alhaji, kamar masu neman inda ɓera ya mutu. Ba ƙamshin komai sai na fata.

"Da alama turaren ya ƙare a hanya," na ce. "Sai an yi odar wani."

"Bar shi a kunne, ko da saura a ƙasa."

Daga nan Amarya ta fara nuna mana halinta. In ba a ɗaura bel ba sai ta yi ta ƙara, tin-tin-tin, tun daga Sharada har Bompai, Alhaji kuwa ya ce shi ba rago ba ne da za a ɗaure shi, sai muka zagaya bel ɗin ta bayan kujera muka maƙala, ta yi shiru. In an fara gudu sai ta kulle ƙofofi da kanta, karon farko Alhaji ya yi salati ya ce wa ya shigo. Wata rana a Challawa muka tarar da ruwan kamfanonin jimar fata ya malalo ya cinye hanya, na ce mu zagaya, ya ce, jif ce, shiga. Na shiga. Sai da majiya ƙarfi goma sha biyu suka cire takalma suka turo mu, kwana huɗu Amarya tana warin fatar akuya. Taya ɗaya ta fashe, na sayo wadda na samu a Ƙofar Ruwa, ashe ta ɗan fi 'yan'uwanta girma, sai ƙasan motar ya kama kuka kamar kare ya ga aljani, bai daina ba sai da aka daidaita duka huɗun. Sai kuma wata fitila ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Muka kai wa Isa.

"Injin yana tashi?" ya tambaye ni.

"Yana tashi."

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya."

"To ai fitilar ce ba ta da lafiya."

Ya yanko baƙin salatif ya manna a kanta, ya miƙo mini ragowar ya ce in ajiye saboda gaba. Wannan ilimin ya shige ni sosai. Dama 'yar jar fitilar nan ta turare ta dame ni, don duk lokacin da idon Alhaji ya faɗa kanta sai ya tambaye ni ina maganar odar turare. Ran nan na yanko salatif na rufe ta, na ɗora kwalin tishu mai ado a kai. Alhaji ya manta, ni ma na manta.

Duk tsawon sanyin nan ba wanda ya kai Alhaji jin daɗin duniya. Tsohon ciwon bayan da yake fama da shi ya tafi. Sai mu iso kamfani na kashe mota, shi yana nan zaune ido a lumshe, sai akawu ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. Ya gaya wa abokansa na Bompai cewa kujerarsa da fatar saniyar Turai aka yi ta, irin wadda ake kiwo da madara. A cikin wannan farin cikin ne ma ya dafa kafaɗata ya ce in Allah ya kai mu baɗi, da ni za a sauke farali. Na zo gida na gaya wa Ummanku, ta fara kirana Alhaji a cikin ɗaki don bakinta ya saba.

Sai sanyi ya wuce, zafi ya shigo, irin zafin Kano da ƙadangare ke tsallaka titi a kan ƙafa biyu. Na lura Alhaji ya fara mutsu-mutsu. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya dafa ƙofa ya ɗaga jikinsa kamar mai shirin sauka daga raƙumi.

"Garba, kai ba ka jin zafi?"

"Alhaji, ni sanyi ma nake ji. Esi a ƙure yake."

"To ni samana yana Jos, ƙasana yana gidan burodi."

Aka fara nema. Aka ƙara wa esi gas har sai da hancina ya fara yoyo. Isa ya ce salansa ce ta bi ta ƙarƙashin kujerar, ya naɗe ta da wani abu mai kama da bargo. Bai yi ba. Ya zare wani ɗan ƙarfe daga bututun lagireto ya jefar, ya ce wannan na ƙasar sanyi ne, mu ba ma bukatarsa. Bai yi ba. Na ninka darduma biyu na shimfiɗa, ta ɗau zafi ita ma ta zama kamar waina a tanda. Za ku ce me ya hana wani ya zauna a kujerar ya ji da jikinsa? Ku 'yan yanzu ne. Kujerar maigida ba a hawanta. Ko Isa in zai gwada mota, baya yake shiga ya zauna a ɗofane. In kuwa Alhaji ya sauka na taɓa wurin na ji shi kamar kasko, sai in ce a raina, kai, jikin manya akwai wuta.

Da mota ta ƙi amsa laifi sai aka koma kan Alhaji. Likita ya duba shi ciki da waje ya ce ƙalau yake, sai dai ya rage tuwon dare. Mai maganin gargajiya ya ce basir ne na ciki, wanda ba ya fitowa, ya haɗa masa wani jiƙo da ko ƙuda ya faɗa ciki sai ya yi kalmar shahada. Aka hana shi yaji, aka hana shi kilishi, mutumin da kilishi ne abokin hirarsa. Wata biyu yana sha yana ramewa, babbar riga ta fara yi masa yawa. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ba ya jin zafin a gida, ba ya ji a ofis, ba ya ji a masallaci, sai a mota, kuma sai shi kaɗai. Wani surukinsa ya ce wannan ai ba na asibiti ba ne, jifa ne, ya kawo wani mai duba. Mutumin ya zagaya Amarya yana motsa baki, ya ce a binciki ƙarƙashin kujerar. Ni na zura hannu. Na fito da murfin biro, da ɓawon goro, da wata 'yar laya mai jar fata da igiyarta a tsinke.

Kowa a kamfanin ya san mai irin wannan layar a dantse. Aka kira Malam Ilu. Ya zo da tsumman wanke mota a kafaɗa, da ya ga layar fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Tawa ce, Alhaji. Ta kunama ce. Wata guda ke nan ina biɗar ta, ashe wajen shara ta hwaɗi."

"Ta kunama," in ji Alhaji. "Shekara goma sha huɗu kana cin abincina, Ilu. Me na yi maka?"

"Mi kuwa, Alhaji? Alheri."

"Tattara kayanka."

Malam Ilu ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya ninke tsumman ya ajiye a kan motar a hankali, ya tafi. In gaya muku gaskiya, har da ni a masu cewa mutum mugun abu ne. Mai duban ya ce sai an kwana uku kafin abin ya saki Alhaji.

Wankin mota ya dawo kaina. Safiya ta uku na tayar da inji yana ɗumi, ina goge ciki, na ɗaga kwalin tishu, jiƙaƙƙen tsumma ya kwashe salatif ɗin da zafi ya riga ya narkar da shi. Sai ga 'yar jar fitila tana kallona. Na ce, af, turarenmu, har yanzu kana nan? Na danna ta mutu, na mayar da kwali, ban kawo komai a raina ba. Ranar muka tashi zuwa Bompai ɗauko 'ya'yan roba a sito. Muka wuce Ɗan Agundi, Alhaji bai motsa ba. Muka shiga gosulo, bai motsa ba. Can sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Garba, ya sake ni! Kwana uku cif, kamar yadda mutumin nan ya faɗa. Sanyi har cikin ƙashi."

Ni kuwa a nan na tuna da maɓallin da na kashe da safe. Da muka isa Alhaji ya shiga ofishin sito, na hango Yohana, direban wani Bature injiniya mai gyaran injinan kamfanoni, yana cin gyaɗa a gindin bishiya. Na jawo shi wurin Amarya na ɗaga kwalin, na ce don Allah wannan na mene ne. Ya leƙa, ya dube ni.

"Na ɗumama mazauni ne. Garin su oga ƙanƙara ke zuba, in ba wannan mutum sai ya manne da kujera. Me ya faru?"

Na gaya masa. Yohana ya zube a jikin taya, gyaɗa ta sarƙe shi, sai da na bubbuga masa baya.

"Wata nawa?" ya ce yana share hawaye.

"Tun sanyi."

"Kai Garba, ai kun dafa oga ya nuna!"

Na roƙe shi da girman Allah ya riƙe bakinsa. A hanyar komawa na yi ta saƙa da warwara. Maɓalli ya mutu, Alhaji ya warke, mai duba ya yi suna, ba wanda ya san komai sai ni da Yohana. In na yi shiru, tuƙina yana nan, Makka tana nan. A nan ne nake so ku buɗe kunne, don wannan ne wurin da Ummanku ke tsallakewa in tana ba da labarin: na yi shiru. Kwana bakwai na yi shiru. Alhaji ya yanka rago na godiya aka raba wa ma'aikata, ni aka ba ni cinya guda saboda ni na zaro layar. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci na shigo gida da ita a leda. Ummanku tana tsakar gida tana tankaɗe, da goyonka Nura. Abin ya cika mini ciki, na zauna a kan turmi na kwashe duka na gaya mata. Ta yi dariya har ta saki rariya, har kai ka farka ka kama kuka. Sai kuma dariyar ta tsaya cak.

"Malam, shi mai gadin fa?"

"Ai zai samu wani wurin. Kamfanoni nawa ne a Sharada?"

"Wa zai ɗauki mai gadin da aka ce ya jefi maigidansa?"

"To so kike in je in ce ni ne? A kore ni, mu ci me? Makkar fa?"

Ta ci gaba da jijjiga ka. Na san ita ma tsoron take ji, don haya muke a lokacin, ga ku uku.

"Ni ban ce ka faɗa ba, ban ce ka yi shiru ba," ta ce. "Amma naman nan ba a tukunyata ba. Ka kai wa wanda zai iya haɗiye shi."

Ranar Litinin da safe na tsaya sayen burodi a kwanar Sharada, sai ga Malam Ilu a ƙarshen bencin mai shayi, zaune a kan buhun kayansa. Maganar Ummanku ta tabbata. Labari ya bi ƙofa-ƙofa tun daga Sharada har Challawa har Bompai, don masu gadi da direbobi sun fi rediyo saurin kai labari. Duk inda ya je sai a ce an riga an ɗauki wani. Gida kuma ya ce ba zai koma da wannan sunan a kansa ba, yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Na so in ɓuya a bayan motar burodi, ya riga ya gan ni.

"Garba! Ina kwana? Ya jikin Alhaji?"

"Da sauƙi, Malam Ilu. Ya warke."

"Madalla, madalla. Allah shi ƙara mai lahiya. Amarya hwa, kana goge mata ƙarƙashin madubi? Nan ƙura ka taruwa."

Burodin nan ban iya cin sa ba. Amma maimakon in yi abin da ya kamata, sai na yi irin tawa, na nemo dabara. Na ce bari in sake kunna maɓallin. In zafi ya dawo alhali Malam Ilu ba ya nan, dole Alhaji ya gane ba shi ba ne, a dawo da shi, bayan kwana biyu in kashe abina a ɓoye, kowa ya huta. Har yaba wa kaina na yi. Da azahar za mu Bompai, kafin Alhaji ya fito na ɗaga kwali na danna. Ba mu kai rabin hanya ba ya fara karkata. Ya dafa ƙofa. Ya yi wata ƙara da ta sa ɗan acaɓan da ke gefenmu ya kusa faɗawa kwata.

"Ya dawo! Garba, ya dawo! Daga nesa yake turowa! Dama an gaya mini yana nan zaune a kwana bai bar gari ba. Yau sai ya kwana a hannun hukuma. Wuce siton, kai ni hedikwatar 'yan sanda!"

Na hango dattijon nan a bayan kanta, an cire masa rawani, ana tambayarsa abin da bai san kansa ba. Muna shiga Bompai, ginin hedikwatar na gabanmu, na sa sigina na gangara gindin wata darbejiya na tsaya.

"Me ka tsaya yi?"

"Alhaji, ku gafarce ni. Akwai abin da zan nuna muku."

Na ɗaga kwalin tishu. Na nuna masa jar fitilar. Na danna ta mutu, na ce ya ɗan jira. Muka zauna shiru, tireloli na wucewa, har na ga kafaɗunsa sun sauka. Na gaya masa abin da Yohana ya ce. Na gaya masa ni na rufe fitilar da salatif, na gaya masa tun yaushe na gano, na gaya masa yau ma ni na kunna da hannuna. Ban rage komai ba, don na ga in na tsaya zaɓe ba zan ƙarasa ba. Alhaji ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya daɗe yana kallon maɓallin nan.

"Turare," ya ce.

"Turare, Alhaji."

"Wata biyu ina shan abin da ko jaki ba zai sha ba. An raba ni da kilishi. Na tuɓe wa likita wando. Na yanka rago, har na ba ka cinya." Sai muryarsa ta sauka. "Na kori Ilu a gaban yaran da ya girme wa iyayensu."

Ya buɗe ƙofa ya fita, na ce shi ke nan, da ƙafa zai ƙarasa ya kai ƙarata. Sai ya buɗe baya ya shiga ya zauna.

"Danna naka. Kashe esi. Rufe gilashi. Sharada za mu, kuma ta cikin kasuwa za ka bi."

'Ya'yana, ƙarfe biyu na rana, a watan da ya fi kowane zafi, a gosulon da ya fi kowane tsawo. Kafin mu fita Bompai na gane Alhaji waliyyi ne da ya yi wata biyu a haka bai kashe kowa ba. Kafin mu kai tsakiyar gari na tuba daga zunuban da ban ma aikata ba tukuna. Da za a fasa ƙwai a wandona da an ci da burodi. Shi ma a baya gumi yake kamar an kwara masa bokiti, amma ya gwammace ya jiƙe da dai in sami iska. Duk sanda na ɗan ɗaga jikina sai in ji daga baya:

"Zauna sosai, Garba. Ka shaƙi turare."

A kwanar Sharada ya ce in tsaya. Ya fita da jiƙaƙƙiyar babbar rigarsa, ya nufi bencin mai shayi, a gaban 'yan acaɓa da leburori da kowa, ya durƙusa a gaban Malam Ilu. Ban taɓa ganin gwiwar Alhaji a ƙasa ba in ba a sallah ba. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga dattijon ya yi zumbur ya kama hannunsa yana ɗaga shi. Alhaji da kansa ya ɗauki buhun kayan ya sa a but, ya buɗe wa Malam Ilu gaba, kujerar da ba a hawa. Malam Ilu ya taɓa ta da tafin hannu tukuna kafin ya zauna. Da muka isa kamfani aka kashe injina, aka tara ma'aikata, aka kife wani babban baho aka ce in hau in yi bayani da bakina. Na yi. Dariyar da aka yi ranar, an ce har Challawa an ji ta. Da aka watse Alhaji ya miƙo hannu, na sa masa makulli.

"Ba zan kore ka ba, don ka faɗa da bakinka," ya ce. "Amma ni direban da ya iya cewa ban sani ba nake nema. Ga akori-kura can, maɓallinta ɗaya ne, na ham."

Haka na koma kai bokitai kasuwa, shekara tara. Da baɗi ta zo, sabon direban ne ya tafi Makka. Shi ya sa har yau babanku Malam Garba ne, Ummanku kuma ta daina kirana da wancan sunan ba tare da ɗayanmu ya ce komai ba.

Washegarin ranar da na hau bahon nan na iso da akori-kura na yi ham a bakin ƙofa. Malam Ilu yana zaune a bencinsa yana hura gawayin shayi, bai tashi ba. Na sauko na durƙusa na ce ya yafe mini.

"Maɓalli ba komi ba ne, Garba, kowa na kuskure," ya ce, bai ɗago ba. "Kwana nawa ka yi da sani?"

"Bakwai."

"To ƙohwa ga ta nan. Ba ta da nauyi."

Na ture ƙofar da kaina, na hau mota na shigar, na sauko na rufe. In zan fita haka, in na dawo haka, sau shida sau bakwai a yini, ma'aikata na leƙe ta taga. Kowa ya yi ham Malam Ilu zai tashi da sauri, ni kuwa ko kallo ban ishe shi ba. Ban kai ƙara ba, ban yi gunaguni ba, na dai yi ta turawa har kafaɗata ta san nauyin ƙarfen da ya yi shekara goma sha huɗu yana turawa. Ran na takwas tun daga nesa na rage gudu, na kama hannun ƙofar mota zan sauka, sai na ga ƙofar kamfani a wangale, shi kuma yana tsaye a gefe ya riƙe ta.

"Wuce, Garba," ya ce. "Ta ƙare."